Yadda Ake Dawo da Mata Daga Ƙwanni da "My Dear"

Ɗan'uwa, jawo benci ka zauna. In kai magidanci ne wanda furfura ta fara leƙowa a gemunsa, kuma akwai wata magana mai daɗi da ta daɗe a cikinka ta ƙi hawowa maƙogwaro, to ka iso inda za a yi maka aiki. Alkawari na ɗauka: ka bi matakan nan yadda na jera su, matarka za ta ji saƙonka. Ba ita kaɗai ba ma. Ƙasa biyu za su ji.

Kada ka tsaya tambayar takardun shaidata. Sunana Dabo, ni ke da rumfar cajin waya ta bakin tashar Illela. Na yi sakandare har zuwa inda ni da Turanci muka yi sallama cikin mutunci, kowa ya kama gabansa. Amma wanda ya yi shekara da shekaru yana zaune gaban wayoyin mutane suna haske ɗaya bayan ɗaya, ya ga abin da malamin jami'a bai gani ba. Ba na karanta saƙon kowa, Allah ya kiyaye. Saƙonnin ne ke faɗo mini a ido.

Hanyar nan kuma gwadaddiya ce. A kan maƙwabcina Sahabi, dillalin albasa, aka gwada ta, kuma yana nan da ransa.

Mataki na 1: Ka tabbata matsalar ta kai matsala

Kada ka taɓa Turancin soyayya don marmari. Sai abu ya ɓaci.

Dubi na Sahabi. Matarsa Rahmatu 'yar Birnin Ƙwanni ce, nan tsallaken iyaka, tafiyar da babur ke yi kafin shayi ya huce. Mahaifiyarta, Hajiya Baraka, ta zame a bakin rijiya ta gurɗe ƙafa, Rahmatu ta tafi jinya. Ƙafa ta warke. Ta warke har an ga tsohuwar tana bin akuya da gudu a ƙofar gida. Rahmatu shiru.

Sahabi ya ga shirun ya yi yawa, ya kira ta. Ka lura da abin da ya ce, don na san kai ma shi za ka ce.

"Ke, ina kika aje tocila?"

"Tana bisa taga."

"To."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Au, yaushe za ki taho?"

"Wani abin kuma ya ɓace?" Ta ɗan jira ko zai ce wani abu. "Malam, ni da randar gidanka ɗaya muke. Sai ruwa ya ƙare ake leƙa mu."

Ta kashe.

Ba a jima ba wani ɗan kabu-kabu ya kawo labari: yayanta Maccido ya kira magini, an fara yaɓe wani ɗaki a gidan, wai don Rahmatu ta sake jiki. Ɗan'uwa, mai jinya tabarma ake shimfiɗa mata. In ka ji an kira magini, zancen ya tashi daga jinya. Ranar da ɗakin nan ya bushe aka rataya labule, Sahabi ya zama mutumin da matarsa ke zaune a ƙasar waje.

In naka ya kai nan, ci gaba zuwa mataki na biyu. In bai kai ba, je ka sayi tsire ka kai gida, ka bar mu da manyan matsaloli.

Mataki na 2: Ka guji Hausa

Hausa harshe ne mai kyau. Da ita ake ciniki, da ita ake faɗa, da ita ake ta'aziyya. Amma maganar so a Hausa nauyi gare ta kamar jiƙaƙƙen buhun albasa. Matashi zai iya sunkutarta, ƙashinsa ɗanye ne. Kai da ka aurar da 'ya'ya, in ka ce za ka ɗaga, bayanka zai amsa.

Sahabi ya auri Rahmatu tun ba a san wayar hannu ba. Tun daga lokacin, in yana kusa da ita sunanta "ke". In yana gaban baƙi sunanta "mutanen gidan". A wayarsa sunanta "Gida". Ba ƙiyayya ba ce. Haka ya ga ubansa ya yi, kuma uban nasa bai taɓa kuka da tsarin ba. Uwar tasa dai ba a tambaye ta ba.

Da ya zo rumfata da wayarsa a hannu da fuskarsa a ƙasa, na ce masa abin da matar nan ke jira kalma ce mai daɗi.

"Dabo, ni in ce mata mi? Da gemuna?"

"Ba kai za ka ce ba," na ce. "Bature zai ce. Kai dannawa ce taka."

Ga sirrin, riƙe shi da kyau. Turanci tsumma ne na sauke tukunya. Tukunyar ta sauka, hannunka bai ƙone ba. In wata rana aka tsare ka aka ce ka ce kaza, sai ka ce a'a, haka ake rubutawa a waya.

Mataki na 3: Ka san kayan aikinka

Kalmomin nan ba ɗaya suke ba, kamar yadda albasa ba ɗaya take ba. Akwai ta miya, akwai ta lodi zuwa Kudu.

"Dear" ita ce ta ƙasa-ƙasa. Bature ya raba ta kyauta kamar ruwan sadaka. Banki na ce maka "dear" ranar da zai gaya maka aljihunka ya bushe. Kamfanin waya na ce maka "dear" kafin ya cinye maka kati. Ba wanda ya taɓa yin aure saboda ita, ba wanda ya taɓa saki.

In ka sa mata "my" a gaba ta zama "my dear", ta ɗan ɗumama, amma kada ka ruɗu. Akwai wata Madam daga Anacha da ke sayen albasa a hannun Sahabi. Da "my dear" take gaishe shi, da "my dear" take karya masa farashi, da "my dear" take ce masa rabin buhun ruɓaɓɓe ne kuma Allah na ganinsa. Direbanta ma "my dear" ne. Na taɓa jin ta faɗa wa jaki.

"Honey" zuma ce. "Sweetheart" kuwa zuciya mai zaƙi, abin da in likita ne ya faɗa maka sai ka fara rage shayi, amma a saƙo babban yabo ne. "Darling" ta tsofaffin 'yan boko ce, masu ɗaura agogo a hannun dama. "Baby" jariri ne. Kada ka aika wa matar da ke goyon jikanta. Za ta duba bayanta ta ce lafiyarsa lau.

Akwai masu rufe saƙo da "xx". Wai sumba ce guda biyu. Mu a Illela alama ce da dillali ke yi wa buhun da ba a biya ba, don haka ka bar ta.

Sai babbar, wadda ake ajiyewa don ranar tsanani: "I miss you". Ma'anarta ba ka nan kuma an ji rashinka. Ita ce Sahabi ke buƙata, kuma ita ce ya fi tsoro. Da na fassara masa sai da ya waiga ya ga ko akwai mai ji.

Mataki na 4: Kada ka yi sallama, kuma ka canza hoto

Nan ne ƙwarewa take. Mutanenmu sun saba su buɗe saƙo da sallama, ya gida, ya yara, ya mai jiki, ya ruwa, ya kasuwa. Kafin a iso ga magana, soyayyar ta yi barci.

Ni na yi nazari. Cikin duk saƙonnin da ke haskowa a rumfata, wanda ya fi yawa yana farawa ne da "Hello dear". Kuma masu aiko shi manyan mutane ne: turawa mata kyawawa sanye da kayan soja, likitoci daga ƙasashen sanyi, zawarawan attajirai masu neman amintaccen mutum. Mutanen da suka ga duniya ke nan. In su da haka suke farawa, wane ne Sahabi da zai ƙi?

Sai hoto. Hoton da ke kan wayar Sahabi shi ne a tsaye gaban tulin buhuna, fuska murtuk kamar an ce kasuwa ta faɗi. Ba a aika zuma da irin wannan fuska. Na cire, na sa masa jar fulawa mai raɓa a kai.

Muka rubuta: "Hello dear. I miss you so much my sweetheart."

Sahabi ya daɗe yana kallon rubutun.

"Ko in sa ya jikin Inna?"

"Bature ba ya tambayar jikin Inna."

Ya rufe ido, ya ce bismillahi, ya danna.

Mataki na 5: In ba a amsa ba, ƙara

Alama ta nuna an buɗe saƙon. Amsa ba ta zo ba. Sahabi ya koma wajen lodi, ya dawo, ya sake komawa, ya sake dawowa. Ya ɗaure buhu guda sau biyu.

Kada shiru ya karya maka gwiwa. Mace in ta yi shiru, tana karantawa ne a zuci. Aikinka shi ne ka ƙara mata abin karatu.

Muka ƙara: "Honey, please reply."

Shiru.

Na ce masa mata na son kyauta, ya ce dama akwai atamfar da ya saya ya ɓoye ya rasa yadda zai ba ta. Muka rubuta: "My dear, I have a gift for you."

Shiru.

Na ce a nuna mata abin da gaggawa, magini ba ya jira. Muka rufe da: "It is urgent my love."

Bayan wannan sai hoton Rahmatu ya ɓace daga wayarsa gaba ɗaya. Saƙo ya daina shiga. Kira ya daina shiga. Sahabi ya dube ni. Na ce masa kunya ce, kuma alama ce mai kyau.

Mataki na 6: Ka bar saƙo ya yi aikinsa a can

Abin da ya faru a Ƙwanni daga baya muka ji, amma gara ka ji shi yanzu don ka san yadda maganin ke ratsa jiki.

Rahmatu na karanta Hausa sarai, har da ajami, amma ba ta da Turanci. Ta ɗauki waya ta kai wa yayanta Maccido. Shi kuma Faransanci ya yi, kuma mutum ne da bai yarda da komai ba tun da aka taɓa kwashe masa lambar waya aka riƙa roƙon abokansa da sunansa. Ya gyara tabarau, ya zuba rubutun a na'urar fassara ta wayarsa, ya karanta, ya girgiza kai.

"Yaya, mi yac ce?"

"Wai shina kewarki. Wai ke zuma ce."

An ce har Rahmatu ta kai hannu ta gyara ɗankwali. Sannan ta sauke hannun.

"Ba shi ba ne."

"Nima haka nig gani," in ji Maccido. Ya shiga lissafo hujjoji kamar alƙali. Ba sallama. Ba gaisuwar Inna. Fulawa a madadin albasa. Ga zancen kyauta, ga zancen gaggawa. "Wanga aikin 'yan damfara ne. Haka suka farawa. Saura su ce ki turo lambar da anka aiko maki. Sun kwashe wayar bawan Allah."

"Wayyo, Malam," in ji Rahmatu. Tausayinsa ne ya kama ta. Ka lura, ɗan'uwa: mataki shida kacal, har mun sa ta fara tausayinsa.

Maccido ya toshe lambar. Kuma da yake mutum ne mai son al'umma, bai tsaya nan ba.

Mataki na 7: Ka yi haƙuri da shahara

Washegari da hantsi wani saƙon murya ya fara yawo. Ya shiga zauren dangi na waya, ya shiga na 'yan albasa, ya tsallaka na 'yan canji masu naira da masu sefa, ya kai har masunta a Kalmalo. A rumfata kaɗai na ji shi yana fita daga wayoyi daban-daban kamar kiran salla.

"Salamu alaikum jama'a, Maccido ne daga Ƙwanni. Ana sanar da kowa, 'yan damfara sun kwashe wayar Sahabi mai albasa. Duk wanda yag ga saƙo daga gare shi ana ce mai masoyi ko zuma, kada shi amsa. Mun san Sahabi. Bai taɓa hwaɗa ma kowa magana mai daɗi ba. A tura ma wasu don Allah."

Mutane suka riƙa zuwa yi wa Sahabi jaje. Wani tsoho ya riƙe hannunsa ya ce shi tun da ya ji an ce "zuma" ya san ƙarya ce. Masu sayen albasa suka daina ɗaukar kiransa. Madam ta Anacha ta kira ta wayar direbanta, ta ce masa "my dear" sau uku, ta ce ya yi haƙuri, sannan ta nemi ragi tunda yana cikin damuwa.

Sahabi ya ari wayata ya kira Maccido.

"Yaya, ni ne. Ba a kwashe komi ba. Ni na rubuta."

"Murya dai ta Sahabi ce," in ji Maccido. "Amma yanzu har murya suna kwaikwayo."

"Wallahi ni ne!"

"Su ma suna rantsuwa. In kai ne, ka taho da ƙafarka. Ka yi sauri kuma, ina da aiki, yau za a sa ma ɗakin Rahmatu ƙofa."

Sahabi ya miƙo mini wayata a hankali, irin miƙowar mutumin da ke tunanin ko ya rotsa ta a kaina. Na tuna masa cewa duk maganin kirki sai ya fara tayar da ciwo. Ya ɗauko atamfar, ya ɗaure a bayan babur.

Mataki na 8: Hau babur

Cire hula ka kakkaɓe, ka mayar. Gaida jami'an iyaka da fara'a. In ɗaya daga cikinsu ya leƙo ya ce, "Alhaji, an samo ɓarayin wayar?" ka ce ana kan bincike.

Mataki na 9: Ka shirya fassara

Wannan matakin ban sa shi a tsarin farko ba. Hajiya Baraka ce ta ƙara shi.

Sahabi ya same ta a tsakar gida ƙarƙashin rumfa, ta miƙe ƙafar da ta warke tana tsinke zogale a faranti. Gefe guda ga sabon ɗakin, yaɓensa bai gama bushewa ba, ga ƙofar ƙarfe an jingina a bango. Ɗaya gefen ɗakin tsohuwar ne, labulensa a sake, kuma a ƙasan labulen ana ganin yatsun ƙafa da lalle. Sahabi ya san yatsun nan. Ya cire takalmi, ya durƙusa nesa, ya kafa ido a ƙasa kamar yadda suruki ke yi. Aka gaisa, aka tambayi ƙafa, aka tambayi albasa.

"To, Malam," in ji tsohuwar, "an ce kai kac ce kai ka rubuta."

"Ni ne, Inna."

"Madalla. Wanda ya rubuta ya san abin da ya rubuta. Maccido, karanta. Kai kuma ka hwassara muna, mu da ba mu yi boko ba."

Ɗan'uwa, ka tuna tsumman sauke tukunya? Nan aka karɓe shi.

Maccido ya gyara murya, ya karanto na farko da lafazinsa na Faransa, kowace kalma ta fito ta hanci.

"Wannan," in ji Sahabi, "gaisuwa ce. Kamar a ce sannu da aiki."

Maccido ya duba wayarsa. "Na'ura ba haka tac ce ba."

"Na'ura ba ta san Turancin Najeriya ba."

"Ci gaba," in ji Hajiya Baraka.

Aka karanto na zuma.

"Cefane ne, Inna. Tambaya nike ko zuma na da araha nan wajenku."

"Da tsada," in ji tsohuwar. Ba ta ɗago daga zogalenta ba. "Na ukun fa?"

"Atamfa ce. Tana waje bisa babur."

"To. Sannu da aiki, da cefane, da atamfa." Ta kakkaɓe hannu. "Maccido, ashe gaskiyarka. Mutum biyu ne. Akwai wanga na gabana mai tambayar kuɗin zuma, akwai kuma wancan da ya rubuta ma ɗiyata abin da na'ura ta hwaɗi. Wancan ɓarawo ne, amma ya san darajar mutane. In kun gane shi ku ce ina gaishe shi. Je ka kira magini shi sa ƙofa."

Maccido ya miƙe.

Sahabi ya ji gumi na bin bayansa. Ya dubi ƙofar ƙarfen. Ya dubi yatsun da ke ƙasan labule, ya ga sun ja baya kaɗan, kamar mai shirin komawa ciki. Duk rayuwarsa ba a taɓa ƙwace masa ciniki yana tsaye ba, yau ga wani ɓarawon da babu shi zai tafi da maganarsa.

"Yaya, dakata."

Maccido ya tsaya.

"Na farkon nan," in ji Sahabi, da wata murya da shi kansa bai san yana da ita ba, "ba sannu da aiki ba ne." "Gidan ya yi mini girma, Inna. In na dawo kasuwa ina yin sallama a ƙofa, na san ba kowa, amma ina yi, in tsaya in ji ko za a amsa. Tocilar nan da na kira ina tambaya, tana hannuna sa'ad da na kira. Ba ni da wani dalilin kiran ne."

Tsakar gida ta yi tsit. Ko akuyar ta daina tauna.

"Wanga duk cikin ɗan rubutun nan yake?" in ji Hajiya Baraka. "Lalle Turanci na da ciki." Ta ɗauki farantinta. "Amma ni ka ke gaya ma wa? Ni na tsufa, nawa ya hwaɗi nashi ya tahi. Ga labule can."

Sahabi ya juya a durƙushe, gwiwoyinsa na ƙara. Ya buɗe baki zai ce "ke", ya fasa.

"Rahmatu."

Sunan ya fito da tsatsa, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Ina kewarki. Kuma ina son ki. Tun can. Ban iya hwaɗi ba ne."

Maccido ya cire tabarau ya shiga goge su da ƙarfi, yana kallon sama kamar mai duba hadari. Labulen bai motsa ba. Sai can aka ji an ja hanci, sannan murya ta fito, ba shi ta yi wa magana ba, don ita ma 'yar gidan kunya ce.

"Inna, ki tambaye shi, babur ɗin nashi na iya ɗaukar akwati?"

"Shina iyawa," in ji Sahabi tun ba a tambaye shi ba.

"Ki ce mai kuma shi mayar da hoton albasarshi. Fulawar nan ba ta yi mai kyau ba."

Mataki na 10: Karɓi sakamako, ka gode wa malaminka

Kafin la'asar an ga babur ya shigo Illela, akwati a tanki, Rahmatu a baya da atamfa a cinya. Sun wuce ta gaban rumfata. Na ɗaga hannu. Sahabi ya ƙara wuta.

Ka ga dai aiki ya yi. Na yi alkawarin za ta ji saƙo, ta ji. Masu hassada za su ce ai da Hausa ya faɗa a ƙarshe. To wa ya kai shi gaban labulen? Da ba don Turancina ba, da yanzu yana nan yana neman tocilar da ke hannunsa.

Abu ɗaya ya rage. Maccido, mai son al'umma, ya ga wajibi ne ya gyara sanarwarsa. Sabon saƙon murya ya bi sawun na farko, zaure bayan zaure:

"Salamu alaikum jama'a, Maccido ne. Gyara. Ba a kwashe wayar Sahabi ba. Shi ne da kanshi. Soyayya ce. A tura ma wasu."

Yanzu a kasuwar albasa ba mai kiransa Sahabi. Masu lodi in sun hango shi sai su ce ga Alhaji Zuma nan. Da farko yana bin su da sanda. Kwanan nan na ga ya fara amsawa. Sabon ɗakin Ƙwanni kuwa, an ce Maccido ya zuba gero a ciki.

Sanarwar wanke hannu

Ni Dabo mai caji, ina shaida wa duk wanda ya karanta wannan cewa shawara na bayar, ban ɗaura wa kowa waya a hannu ba. Ba ruwana da lambar da aka toshe, ko ciniki da ya tsaya, ko laƙabin da ya manne. Ba ruwana da surukar da ta fi ka wayo. In aka sa ka fassara, kai da gwiwoyinka.

Ba ruwana kuma da abin da zai biyo baya, don abin yana yaɗuwa. Shekaranjiya Sahabi ya faɗo rumfata a guje, ya manta yana fushi da ni, ya tura mini waya a fuska. Saƙo ne daga "Gida", kalma biyu: "Hello dear."

"Dabo, sun kwashe tata!"

Muka kira nan take. Ta ɗauka tana dariya har da tari.

"Ni ce, Malam. Ka taho da tattasai."

Ya tafi sayen tattasai yana murmushi kamar wawa, ya bar ni da wayoyin mutane.

A ƙarshe, duk mai ƙorafi ya same ni a rumfa, don kwanan nan ina daɗewa a can. Matata Ummu ta ji labarin tun daga saƙon Maccido na biyu. Ta ce ita ba ta son Turanci, ba ta son fulawa, kuma ba sai an je Ƙwanni ba. Fassarar kawai take jira.

In akwai mai jagora a kan wannan, don Allah ya turo.